Salula a Ruga da Bakin Iyaka: Labari Ya Yi Araha, Amana Ta Yi Tsada

Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirinmu na makiyaya da ƴan kasuwar bakin iyaka. Mun sa shi a takarda saboda waɗanda ba su samu ji ba, da kuma waɗanda suke so a karanta musu a rumfa ko a ruga. Maganarmu a kan wayar salula ce: me ta canza a yadda ake kiwo da saye da sayarwa, wa ya ci ribarta, wa kuma aka bari a baya.

Abin da muke so ku riƙe guda ɗaya ne. A da, mai labari shi ne mai riba, don labarin farashi da na ciyawa tsada gare shi. Yau labari ya yi araha, kowa na da shi a aljihu. Abin da ya yi tsada yanzu shi ne sanin wane labari ne na gaskiya, da wane mutum za ka yarda da shi ba ka gan shi ba. Bari mu bi abin daki-daki.

Da ƙafa ake neman labari

Iyayenmu sun fi mu sanin wannan. Ɗan kasuwar da ke Maraɗi, in yana so ya san yadda gero ya kwana a Damagaram, sai ya je tasha ya tari direbobi, ko ya ba da sallahu, ko ya hau mota ya je da kansa. Kafin amsa ta dawo, kasuwa ta ci ta watse. Makiyayi kuwa, kafin a tashi da garke, sai an tura garso ko wani saurayi mai ƙarfin tafiya ya yi gaba, ya duba ciyawa, ya duba tafki da rijiya, ya ga ko akwai ciwo a dabbobin wurin, sannan ya dawo da bayani. Kwanaki ake yi ana jiransa, shanu kuma na ramewa.

A shekarar 2001 wayar salula ta shigo Nijar da Najeriya duka. Da farko manyan birane kawai ta tsaya, layi da kan waya kuma sai mai hali. A hankali aka riƙa kafa turakun sadarwa a garuruwan kasuwa, farashin waya ya faɗi, har ta kai hannun mai jaki da mai sanda.

Abin da bincike ya gano a kasuwannin hatsi

Wata masaniyar tattalin arziki ƴar Amurka, Jenny Aker, ta bi diddigin kasuwannin hatsi na Nijar tsakanin 2001 da 2006, daidai lokacin da salula ke shiga gari bayan gari. Ta gano cewa inda waya ta shiga, tazarar farashin hatsi tsakanin kasuwa da kasuwa ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Raguwar ta fi yawa tsakanin kasuwannin da ke nesa da juna da waɗanda hanyarsu ba kyau.

Yaya aka yi haka? A ce tiyar gero ta yi tsada a wata kasuwa saboda kaya bai shigo ba. A da, mutum biyu ko uku ne za su sani, su kai mota, su ci kasuwarsu su kaɗai. Yanzu kira ɗaya ya isa, ƴan kasuwa goma sun ji, kowa ya ɗora buhuna. Kaya ya yi yawa a can, farashi ya sauko; a inda aka kwaso kayan kuma ya ɗan ɗaga. Sai kasuwannin biyu su matso kusa da juna. Mai saye ya samu sauƙi, ɗan kasuwa kuma ya daina asarar kuɗin mota a kan tafiyar banza.

To amma akwai kashi na biyu na labarin. Da ita da wani masanin, Marcel Fafchamps, suka duba farashin da manomi kansa yake samu, sai suka ga tazarar ta ragu a kan wake da kamar kashi 6 cikin 100, amma a kan gero da dawa ba wani canji na a zo a gani. Darasin a nan shi ne, sanin farashi bai isa ba in ba ka da halin kai kayanka inda ya fi daraja, ko halin jira. Wanda bashi ya matsa wa, ko ya san farashin kasuwa bakwai, a ƙofar gidansa zai sayar.

Malam makiyayi, wannan ya shafe ka kai tsaye. In ka koro sa kwana biyu zuwa Maigatari ranar Alhamis, ko Mai'aduwa da Illela ranar Lahadi, ka riga ka shiga hannun kasuwa. Masu saye sun san komawa da shi asara ce gare ka. Amfanin waya yana kafin ka kwance igiya ne. Ka kira mutum biyu ko uku a kasuwar, ka tambayi yadda aka tashi makon jiya, ko motocin kudu sun iso, ko dabbobi sun cika kara. In amsa ba daɗi, sanka yana nan a ruga yana cin ciyawarsa, ba ka yi asarar komai ba sai ɗan kuɗin kira.

Dabarun da masu waya suka ƙirƙiro da kansu

Waɗanda suka ƙera salula ba su yi ta da tunanin ruga ba. Mutanenmu ne suka lanƙwasa ta ta dace da aikinsu, kuma nan ne ainihin ƙirƙira take.

Na farko, filashin, wanda a wannan gefen ake ce wa bip. Mutum ya buga ya katse, ba a ci masa ko dala ba, amma saƙo ya isa: na iso, ko mota ta tashi, ko kira ni. Yaron mota da maigidansa sukan shirya tun a gida, bugu ɗaya ma'anarsa kaza, bugu biyu kaza.

Na biyu, layi biyu a waya ɗaya. Wanda ke zirga-zirga tsakanin Jibiya da Ɗan Isa, ko Illela da Ƙonni, ko Kamba da Gaya, yana riƙe da layin Najeriya irin su MTN ko Glo, da na Nijar irin su Airtel, Moov ko Zamani. Ya san tudun da rezon wannan ke kamawa da kwarin da na wancan ke kamawa, kuma ya kauce wa tsadar kiran ƙetare. Kamfanin da ke yin Tecno da itel ya lura da irin wannan buƙata, ya riƙa fito da wayoyi masu ɗaukar layi biyu, masu batir mai daɗewa da tocila. Shi ya sa suka cika kasuwanninmu.

Na uku, saƙon murya. WhatsApp ta fito da shi a 2013, kuma babu abin da ya buɗe wa wanda bai yi boko ba ƙofa kamarsa. Ka danna, ka yi maganarka da Hausa, ko Fillanci, ko Zabarmanci, ko yaren Buzaye, ka saki. Ba ruwanka da rubutu. In ba rezo, saƙon ya jira har ka hau tudu. Ga shi kuma yana nan a ajiye, in gardama ta taso a kan nawa aka yi ciniki, sai a kunna kowa ya ji.

Na huɗu, hoto da bidiyo. Kafin Babbar Salla za ka ga ana zagaya rago da waya, a nuna haƙori, a nuna ƙaho, a sa shi ya yi tafiya, a tura wa mai saye a Kano, ko Legas, ko Yamai. Ana iya gama rabin ciniki dabba ba ta bar turkenta ba.

Na biyar, caji. Ƙaramin farantin sola ɗaure a bayan jaki ko a kan bukka ya zama kayan ƙaura kamar ƙwarya da tabarma. A kasuwa kuwa sana'o'i sun fito waɗanda shekaru ashirin da biyar baya babu su: mai cajin waya, mai gyara, mai sayar da kati, mai POS. Yawancinsu samari ne da da can sai dai dako ko tafiya ci-rani.

Dillali yana nan, aikinsa ne ya canza

Da salula ta yawaita, wasu sun ce kwanan dillali ya ƙare. Ku duba kara ku gani, yana nan daram. Abin da ya faru shi ne, a da dillali na cin abinci da abubuwa biyu: sanin farashi, da tsayawa shaida. Na farkon ya kuɓuce masa, don makiyayi ma yanzu ya san farashi. Na biyun kuwa sai ƙara daraja yake. Wanda ya ga sa a bidiyo daga nisan kilomita ɗari biyar yana buƙatar wanda zai taɓa shi da hannu, ya tabbatar ba gurgu ba ne, ba na sata ba ne, kuma shi ɗin ne za a ɗora a mota. Hoto ba ya tari, ba ya nuna zawo, ana kuma iya ɗaukarsa ta gefen da ya fi kyau.

Saboda haka dillalin da ke cin riba ta hanyar ɓoye wa mai dabba ainihin kuɗin da aka saya, kasuwarsa tana mutuwa, don kira ɗaya zai tona shi. Wanda aka sani da gaskiya kuwa, lambarsa tana yawo daga waya zuwa waya, la'adarsa tana ƙaruwa. Haka abin yake ga fatoma mai saukar da baƙi, da direba, da ɗan canji.

Kuɗi a cikin waya

A ƙasar Kenya, tsarin M-Pesa da aka fara a 2007 ya nuna wa duniya cewa ƙaramar waya za ta iya zama asusu. A yankinmu abin ya bi hanya biyu. A Nijar, kamfanonin aika kuɗi irin su Nita, Al Izza da Amana ne suka bazu, ka kai kuɗi a wannan gari, ɗan uwanka ya karɓa a wancan. A Najeriya kuwa masu POS da manhajoji irin su OPay da Moniepoint ne suka cika kasuwa.

Farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, shi ya tura mutane da yawa cikin wannan harka ba da son ransu ba. Tsabar kuɗi ta ɓace, makiyayin da ba shi da asusu ya rasa yadda zai karɓi kuɗin dabbarsa, wasu suka karyar, wasu suka karɓa ta asusun wani. Tun daga nan tiransifa ta zauna a kara.

Ɗan canji ma aikinsa ya koma waya. Sefa tana ɗaure da kuɗin Turai na yuro, ba ta cika motsi ba. Naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yuni na 2023 tana iya sauyawa tsakanin safe da yamma. Wanda ya sayar da dabba da naira zai sayi hatsi da sefa, dole ya tambayi canjin ranar kafin ya sallama, in ba haka ba ribar da ya ci a kara ta zube a teburin canji.

Fa'idar a fili take: ba ka tafe da damin kuɗi a daji, ɗan fashi ya tare ka. Haɗarin kuma sabo ne. Akwai alat na bogi, saƙon da ke shigowa kamar daga banki alhali ko sisi bai shiga ba. Akwai hoton rasit da ake haɗawa a waya. Akwai mai kira ya ce shi ma'aikacin kamfani ne, ka ba shi lambar sirri a gyara maka asusu. Ƙa'idar ba ta da wuya: kada dabba ko buhu ya hau mota sai ka duba ragowar kuɗin da ke asusunka da kanka, ko wanda ka yarda da shi ya duba. Lambar sirri kuwa babu ma'aikacin gaskiya da zai tambaye ka ita.

Ciyawa, ruwa da burtali

A harkar kiwo, tafiyar da garso ke yi ta kwanaki yanzu kira ne na minti biyar ga ɗan uwa da ya riga ya isa. Har an kai ga amfani da tauraron ɗan Adam. A ƙasar Mali, a 2017, ƙungiyar SNV ta ƙasar Holan tare da kamfanin Orange suka buɗe wani tsari mai suna Garbal. Makiyayi ya kira da ƙaramar wayarsa, ma'aikaci ya amsa masa da harshensa, ya duba hotunan da tauraro ya ɗauko, ya gaya masa inda ciyawa da ruwa suke, da inda garkuna suka taru, da farashin kasuwa. Daga baya tsarin ya kai Burkina Faso da Nijar.

Sai dai a lura da abu biyu. Tauraro yana ganin kore, amma ba shi ne zai ɗanɗana ya ce wannan ciyawa shanu na so, waccan tana kumbura ciki ba. Wannan ilimin dattawa ne, kuma ba a yi na'urar da za ta maye shi ba. Na biyu, labarin da ka ji, mutum ɗari sun ji. In kowa ya doshi tafki ɗaya rana ɗaya, ciyawar da za ta yi wata guda sai ta ƙare a mako, ciwo irin na huhu ko na baki da kofato ya samu hanyar yaɗuwa, rigima kuma ta tashi a bakin ruwa. Don haka tambayar ba ta tsaya a kan ina ciyawa take ba; a haɗa da garke nawa suka riga suka nufi can.

Inda waya ta fi yin rana shi ne tsakanin makiyayi da manomi. A Nijar hukumomi kan sanar da ranar sakin gonaki bayan girbi. Kira ɗaya ga mai gari ko ardo ya isa a san ko an kwashe amfani, ko burtali a buɗe yake, ko an nome shi. In ɓarna ta auku, hoton gonar tun da ɗuminsa yana taimaka wa masu sasantawa su ƙiyasta diyya ba tare da ƙari ko ragi ba. Haka nan hoton dabba marar lafiya yana iya kai wa malamin dabbobi kafin ya taso. Amma a kiyaye da allurar da aka ji sunanta a saƙon murya: ciwo biyu na iya kama da juna, maganinsu daban.

Jita-jita ma ta samu mota

Hanyar da ke kawo farashin gero ita ce ke kawo ƙarya, kuma da gudu ɗaya. Saƙon murya ya shigo, ba a san mai magana ba, ba a san ranar da aka yi shi ba: an kashe mutane a wuri kaza, an rufe iyaka, an hana shiga da dabbobi. Wani lokacin tsohon labari ne na shekaru uku, wani lokacin bidiyon wata ƙasa ce daban. Yanzu ma akwai manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum. Irin wannan saƙo yana karya farashi a kara cikin awa ɗaya, yana kuma iya sa a ɗauki makami a kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Rufe iyaka gaskiya ne yana faruwa. Najeriya ta rufe tata daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, an sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, aka buɗe a watan Maris na 2024. Don abin ya taɓa faruwa ne ma ya sa ƙaryarsa ke saurin karɓuwa. Kafin ka karyar da kayanka saboda saƙo, kira wanda ke tsaye a bakin shingen duwan, ka kuma saurari rediyo.

Akwai kuma ranar da waya kan yi shiru. A watan Satumba na 2021 an katse sadarwa a jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato saboda matsalar tsaro. Wanda duk lissafinsa da lambobin abokan cinikinsa ke cikin waya, ya ji jiki. Riƙe da hannu biyu ya fi: lambobi masu muhimmanci da bashin da ake bin ka su kasance a takarda ma, ko da ajami ne.

Wa aka bari a baya?

A ruga da yawa waya ɗaya ce, tana hannun maigida. Inna mai tallar nono da man shanu, wadda ita ma kasuwa take ci kullum, sai ta ara. Wanda kuma bai iya karanta lamba ba, dole ya miƙa wayarsa da sirrinsa ga wani, nan ne cuta ke shigowa. Gyaran wannan bai fi ƙarfinmu ba. A jihohin Dosso da Damagaram, wajajen 2009 da 2010, an gwada haɗa koyon salula da karatun yaƙi da jahilci na manya, aka ga waɗanda suka koyi waya sun fi sauran riƙe karatu da lissafi, don kullum suna amfani da abin da suka koya. Yaron da ke makaranta zai iya zaunar da mahaifinsa da mahaifiyarsa ya koya musu lamba daga 0 zuwa 9 da yadda ake duba asusu. Wannan kaɗai ya toshe ƙofar zamba da yawa.

Abin riƙewa

Ga abin da muka tsaya a kai a ƙarshen shirin. Ka tambayi farashi kafin ka taso, daga bakin mutum fiye da ɗaya. Ka yi ciniki da saƙon murya, ka ajiye shi har a gama biya. Kada kaya su tashi sai kuɗi sun zauna. Layinka ya kasance da sunanka aka yi rajistarsa, don in waya ta ɓace ka iya dawo da lambarka da kuɗinka. A Najeriya tun ƙarshen 2020 ake haɗa layi da lambar shaidar ɗan ƙasa. Saƙon da ba ka san tushensa ba, ya mutu a wayarka. Sannan ka tsare sunanka, don a kasuwar yau wanda ya cuci mutum ɗaya a Ƙonni da safe, kafin la'asar an ji a Maigatari.

Masu tambaya ko ƙarin bayani, ku turo saƙon murya ta lambar da muke faɗa a ƙarshen shiri, da harshen da ya fi muku sauƙi. A shiri na gaba za mu duba takardun da ake nema wajen ƙetare iyaka da dabbobi. Mu kwana nan, a yi kiwo lafiya, a ci kasuwa lafiya.